Girka Debian ba tare da zama gaban allo ba: tambayoyin da ake ta maimaitawa kan preseed

Mene ne preseed?

Fayil ne na rubutu zalla, preseed.cfg, da ke ɗauke da amsoshin tambayoyin da manhajar girka Debian (wani tsarin aikin kwamfuta na Linux) take yi: harshe, agogo, kalmar sirri, rabon faifai. Ta karanta, ta wuce. Shi ke nan.

Zai yi aiki a Ubuntu ko Fedora?

A'a. Ubuntu Server ta koma nata tsarin, autoinstall, mai amfani da fayil na YAML, tun sigar 20.04, Fedora kuwa nata tsarin, Kickstart, ta sani. Ku daina kai mukullin wani gida kuna cewa ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Na ɗora fayil a saba (server), amma har yanzu tana tambayata katin sadarwa. Me ya sa?

To malam, ta yaya za ta ɗauko fayil ɗin alhali sadarwar ba ta tashi ba? Amsar tana cikin fayil, fayil kuma yana can ƙetare. Irin waɗannan a layin tayar da na'ura ake rubuta su: `auto=true priority=critical interface=auto url=` sannan adireshin fayil ɗinka. Shi `auto=true` yana jinkirta tambayar harshe da allon rubutu har fayil ya iso.

Wane faifai zan rubuta a partman-auto/disk, layin da ke faɗin faifan da za a girka a kai?

Nan ne ake kuka, don haka a natsu. Yawancin misalan da ke yawo `/dev/sda` suke rubutawa. Idan kwamfutocinka iri ɗaya ne, kowacce da faifan SATA guda, kuma ta hanyar sadarwa kake girkawa, galibi zai wuce lafiya. Galibi na ce. Na'ura mai faifan NVMe (wani nau'i daban da SATA) tana iya zama ba ta da sda ko kaɗan, sunan faifanta `/dev/nvme0n1`. Mafi muni, in da filashi ka tayar, wani lokaci filashin ne ke karɓe sunan sda, kai kuma ka riga ka sa `partman/confirm boolean true`, wato ka ce a goge ba tare da an tambaye ka ba.

Wasu suna barin manhajar ta zaɓa da kanta ta `partman/early_command`, inda `list-devices disk | head -n1` ke ɗauko faifan farko. Yana maganin bambancin SATA da NVMe, amma "na farko" ba lallai ne shi kake nufi ba, musamman a na'ura mai faifai biyu. A ganina, in na'urorin samfuri ɗaya ne, sunan da ke ƙarƙashin `/dev/disk/by-path` ya fi aminci, tunda ramin da aka soka faifan yake bi. In sun sha bamban, raba su rukuni-rukuni, kowanne da fayil ɗinsa. Ya fi wahala, amma ba za ka goge bayanan mutane ba. Faifan da ya taɓa ɗaukar LVM (wani tsarin rabon faifai a Linux) kuma sai ka ƙara `partman-lvm/device_remove_lvm boolean true`, in ba haka ba za ta tsaya tana jiranka har gari ya waye. Kada ka manta `grub-installer/bootdev`, shi ma faifan yake nema. Ko ma wanne ka zaɓa, gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, kafin ka taɓa na'ura ta gaske.

In rubuta kalmar sirri a fili?

Haba! Duk wanda ke kan sadarwar zai iya karanta fayil ɗin. Yi amfani da `mkpasswd -m sha-512` na kunshin whois, ka zuba sakamakon a `passwd/user-password-crypted`.

Ta tsaya cak, ban san dalili ba.

Kwantar da hankalinka, ba ta lalace ba. Danna Alt+F4 ka karanta abin da take cewa. Sannan ka tace fayil ɗin da `debconf-set-selections -c preseed.cfg`, ka kuma duba da idonka: tazara ɗaya tak ake bari tsakanin nau'in tambaya da amsarta, ta biyun cikin amsar take shiga.