Faibromayaljiya

Faibromayaljiya larura ce ta ciwon jiki mai daɗewa, wanda yake game sassan jiki na sama da na ƙasa, hagu da dama, tare da gajiya, barci marar daɗi da rikicewar tunani. An kiyasta tana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake ganowa. Ba ta lalata gaɓa, ba ta lanƙwasa ƙashi, ba a ɗauka daga wani. Amma tana iya hana mutum sana'a da hidimar gida shekara da shekaru. A asibitocin Kaduna mai ita yakan zo ne da kalamai irin su “ko'ina ciwo yake yi mini”, “kamar an yi mini dukan tsiya” ko “sanyi ne ya shige ni”.

Tarihi da ganewa

A 1904 likitan Ingila William Gowers ya ɗauki ciwon a matsayin kumburin tsoka, aka daɗe a kan wannan fahimta duk da ba a samu kumburin ba. A 1976 aka fara kiranta da sunan da take da shi yanzu. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ma'auni: ciwo na wata 3 ko fiye, da jin zafi a wurare 11 cikin 18 idan likita ya danna da ƙarfin kusan kilo 4. An bar dogaro da dannawar a 2010, aka koma tambayar yawan wuraren da ke ciwo da tsananin gajiya da matsalar barci. Gyaran 2016 ya ƙara sharaɗin ciwon ya kasance a ɓangarori 4 cikin 5 na jiki.

Babu gwajin jini ko hoto da ke nuna ta. Ana yin gwaji ne don a kawar da cututtukan da ke kama da ita: ƙarancin jini, raunin ƙwayar maƙoƙo (thyroid), ciwon suga, amosanin gaɓɓai, ƙarancin bitamin D, da sikila ga wanda bai san rukunin jininsa ba. Inda aka fi ɓata lokaci shi ne maleriya da taifod. Gwajin Widal da ake yi don gano taifod yakan nuna alama ko ga mai lafiya, sai a yi ta ɗura wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye, ciwon yana nan inda yake. Ciwon jikin da ya kai wata 3 ba tare da zazzaɓin da ma'auni ya tabbatar ba, bai kamata a ci gaba da jingina shi ga taifod ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Matsalar tana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon ciwo. Kamar lasifikar da aka ƙure wa murya ce: ƙaramin motsi sai ya fito da ƙara. Matsi kaɗan, ɗaurin zane, goyon yaro, ko zama a benci na awa ɗaya, duk jiki yana fassara su da zafi. Ciwon na gaske ne, ba raki ba ne kuma ba lalaci ba. Binciken Harvey Moldofsky a Toronto a 1975 ya nuna masu larurar ba sa samun barci mai zurfi yadda ya kamata, shi ya sa suke tashi a gajiye ko sun kwana awa 8. Tana bin dangi, kuma takan taso bayan haɗari, doguwar jinya ko tashin hankali mai tsanani. Da yawa suna cewa ciwon ya fi tsananta da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Takan zo tare da ciwon kai, kumburin ciki, jin ƙaiƙayi ko mutuwar yatsu, da damuwa.

Magungunan asibiti

Babu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya, kuma waɗanda ake bayarwa wasu kawai suke yi wa aiki. Amitiriptilin ya fi araha. Ana farawa da miligiram 10 da dare, a ƙara zuwa 25 idan da hali, a sha awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya don kada mayen barci ya kai har hantsi. Yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida, abin da mai azumi zai so ya tattauna da likita tun kafin watan. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da piregabalin a 2007, duloksetin a 2008. Na farkon yana sa jiri, ƙiba da kumburin ƙafa, na biyun yana sa tashin zuciya a makon farko. Ba a yanke ko ɗaya daga cikinsu rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin a rubuta.

Diklofenak da ibufurofen, waɗanda kusan kowane kemis ke miƙawa, ba su cika amfani ba tunda babu kumburin da za su sauke. Shansu kullum yana jawo gyambon ciki da rauni a ƙoda. Haɗa tiramadol da amitiriptilin ko duloksetin yana iya kawo jijjiga, zufa da farfaɗiya, ban da jarabar da yake sawa.

Motsa jiki

A shawarwarin ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai da aka buga a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya samu goyon baya mai ƙarfi. Wuyarsa tana wajen farawa. Ana fara tafiya ta minti 5 zuwa 10 a fili marar gargada, sau 3 a mako, da gudun da mutum zai iya hira yana yi. Kowane mako a ƙara minti 1 ko 2, har a kai minti 30. Ciwo yakan ɗan ƙaru a makonnin farko. Idan ya wuce kwana ɗaya bai lafa ba, an yi yawa, sai a koma adadin makon baya maimakon a daina. Wanda yake kusa da Dandalin Murtala yana da fili, amma zagayen tsakar gida bayan la'asar ma ya isa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rama aiki ranar da aka ji sauƙi. Mace ta tashi da ɗan ƙarfi, sai ta haɗa wanki, shara da girki, ta kwanta kwana 3. Gyaransa shi ne a yanka aiki gutsi-gutsi: minti 15 na wanki a zaune kan kujera, hutun minti 5, rabin bokiti maimakon cikakke, tsintsiya mai dogon mariƙi maimakon sunkuyo. Sallah a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa ta gagare shi.

Magungunan gargajiya da na gefe

Kusan duk mai larurar ya gwada wani abu a wajen asibiti, kuma ba abin zargi ba ne. Sai dai ba duka suke daidai ba wajen amfani da haɗari.

Ɗumi yana cikin mafi aminci. Wanka da ruwan ɗumi kafin barci, ko tawul da aka tsoma a ruwan zafi aka matse aka ɗora a kafaɗa minti 15 zuwa 20, yana sassauta tsoka na ɗan lokaci. A gwada zafin da gwiwar hannu, musamman ga mai suga da ba ya jin ƙuna sosai. Tausa da man kaɗanya ko man zaitun tana kwantar da jiki idan a hankali aka yi ta. Murza mai ƙarfi irin ta masu gyaran targaɗe takan tayar da ciwon har kwana biyu.

Ƙaho da hijama suna da farin jini, saboda ana ganin mataccen jini ne ke jawo ciwon. Wani gwaji da aka yi a Jamus aka buga a 2016 ya nuna ƙaho marar tsaga ya fi kulawar da aka saba bayarwa, amma bai fi ƙahon bogi da aka kwatanta shi da shi ba. Wanda zai yi duk da haka ya tabbata an ɓare sabuwar reza a gabansa, domin askar da ta zaga mutane tana yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki. Mai ƙarancin jini, mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su bar shi.

Allurar Sinawa, wato soka siraran allurai a wasu wurare na fata, ta samu goyon baya mai rauni a shawarwarin Turai. Taici, wani motsa jiki na Sin mai tafiya a hankali da daidaita numfashi, shi ma an gwada shi: a binciken jami'ar Tufts ta Boston a 2010, mutum 66 aka raba gida biyu, masu taici na awa 1 sau 2 a mako tsawon mako 12 suka fi ɗaya gidan samun sauƙi.

Zuma, habbatus sauda, citta, kurkum da zogale ba su da laifi a matsayin abinci, amma babu bincike mai ƙarfi da ya nuna suna maganin wannan larura. Bitamin D yana amfani ne ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsa. Tofi da addu'a suna kwantar da hankali, kuma ba sa karo da maganin asibiti. Abin tsoro shi ne garin magani ko ruwan jarka marar suna da ake tallarsa a mota da bakin kasuwa, da haɗin ƙwayoyi a leda. An sha samun irin waɗannan da deksametason ko diklofenak a ciki. Mai sha zai ji daɗi a makon farko, daga baya fuska ta yi fam, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya, ya kai ragowar asibiti a duba. Lambar NAFDAC a jikin kwalba tana nuna an yi rajista, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da faibromayaljiya.

Larurar tana hawa da sauka da kanta, don haka duk abin da aka sha a ranar tsanani zai yi kamar ya yi aiki. Hanyar tantancewa ita ce a gwada abu ɗaya tak a lokaci guda, a riƙa rubuta makin ciwo daga 0 zuwa 10 kowane dare tare da awannin barci, tsawon mako 6 zuwa 8. Idan ciwon bai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ba a ga ƙarin aikin da ake iya yi ba, a daina kashe kuɗi a kansa.

Neman taimako a Kaduna

Ana farawa daga sashen marasa lafiya na yau da kullum, daga nan a tura mutum wajen likitan ciki ko sashen gashin ƙashi. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, su ne manyan wuraren turawa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kula da rashin barci da damuwa, kuma turawa can ba ya nufin an ɗauki mutum mahaukaci. A tafi da duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Zazzaɓi, rama ba dalili, zufar dare, kumburin gaɓa da ake gani da ido, ko mutuwar ɓarin jiki ba alamun faibromayaljiya ba ne, suna buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.