Bubblegum Crisis: Tambayoyi da amsoshi kan Knight Sabers da mutum-mutumin Genom

Wane irin shiri ne Bubblegum Crisis?

Katun ne na Japan da aka fara fitarwa a shekarar 1987 aka tsaya a 1991, kashi 8 kacal. Ba a talabijin ya fara fitowa ba, kai tsaye aka riƙa sayar da shi a kaset ɗin bidiyo da faifai, shi ya sa tsawon kashin ya bambanta kuma a kan ɗau watanni kafin na gaba ya fito. Kamfanonin Artmic da AIC da Youmex ne suka haɗa hannu, Kenichi Sonoda ya zana fuskokin jaruman. Labarin yana faruwa ne a 2032 a birnin Mega Tokyo, shekara 7 bayan girgizar ƙasa ta rugurguza Tokyo, inda wasu jarumai sanye da sulken ƙarfe ke yaƙar Boomer, wato mutum-mutumin da kamfanin Genom ke ƙerawa.

Su wa ke cikin sulken?

Mata huɗu ne da ake kira Knight Sabers, kuma don kuɗi suke karɓar aiki, duk da akwai tsohuwar gaba da Genom a ƙasa. Sylia Stingray ce shugaba, ita ta ƙera sulken daga bayanan da mahaifinta ya bar mata kafin Brian J. Mason na kamfanin Genom ya kashe shi. Priss Asagiri mawaƙiya ce mai son babur da zafin kai. Linna Yamazaki tana koyar da motsa jiki. Nene Romanova kuwa ma'aikaciyar sadarwa ce a rundunar AD Police, wato kunnensu a cikin 'yan sanda.

Me ya bambanta sulken kowacce?

Kowane sulke an auna shi ne da jikin mai shi da salon faɗanta. Na Priss shuɗi ne, yana harba dogayen allurai na ƙarfe daga hannu. Na Linna kore ne, ga wasu dogayen ƙyallaye biyu masu kaifi da suka zubo daga kwalkwali. Idan ta juya kai sai su yanka ƙarfe, sannan a ƙullin hannunta akwai nakiya mai fashewa da naushi. Sylia na da wuƙaƙe da ke fitowa daga damtse. Na Nene ba na gaba-da-gaba ba ne, aikinsa leƙen asiri da dagula na'urorin abokan gaba, don haka idan aka ritsa ta ita kaɗai, sai an kawo ɗauki. Akwai kuma Motoslave, babur da ke rikiɗa ya zama ƙaton mutum-mutumi, ya rungumi sulken ya ƙara masa ƙarfi da manyan bindigogi.

Me ke sa Boomer ya haukace?

A nan mutane da yawa ke kuskure. A shirin asali, galibin ɓarnar ba lalacewar inji ba ce, da gangan ake sakin su. Genom ke ƙera Boomer, ita ke sayar wa sojoji, ita kuma ke amfani da su wajen kisa da rusa unguwannin talakawa. Samfurin 55C yana yawo cikin fatar mutum har sai faɗa ya tashi, sai ya yage fatar, ya buɗe baki ya harba wuta. Samfurin 33-S ya fi ban tausayi: a kashi na 5 da na 6, Sylvie da Anri, 'yan wannan samfurin, sun gudo daga tashar sararin samaniya neman 'yanci, amma Anri ta ji rauni, kuma jikinta na buƙatar jinin ɗan Adam, sai Sylvie ta shiga farautar mutane. Waɗannan kashi biyun su ne ƙololuwar shirin.

To ina amfanin AD Police?

An kafa su ne don Boomer, amma makamansu ba su kai ba, kuma siyasa ta ɗaure musu hannu. Leon McNichol da Daley Wong na iya ƙoƙarinsu, sai dai yawanci gawa suke kwasa.

Me ya sa labarin bai kai ƙarshe ba?

An tsara kashi 13, saɓani tsakanin Artmic da Youmex ya tsayar da shi a na 8. Artmic ta fitar da Bubblegum Crash a 1991, kashi 3, da sabuwar murya ga Priss a madadin Kinuko Omori. An cusa ragowar labarin cikin gaggawa, kuma ana gani.

Da wanne zan fara?

Fara da kashi 8 na asali a jere, domin na 1 zuwa na 3 labarin Mason ne guda. Sai AD Police Files na 1990, kashi 3, wanda ya koma 2027 lokacin Leon yana sabon shiga. Yana da jini da tsiraici, ba na kallo da yara ba ne. Bubblegum Crisis Tokyo 2040 na 1998, kashi 26, sabon zubi ne daga tushe: sunaye ɗaya, halaye daban, kuma a can ne Boomer ke haukacewa da kansa. Kada a haɗa tarihin biyun, ba sa jituwa.