Idan Likita Ya Hana Ka Gyada

Da yawa daga cikin waɗanda aka gwada aka ce jikinsu ba ya karɓar gyada, wato suna da alajin gyada, in sun koma gida sai su daina sayen ta kwalba, su ɗauka shi ke nan. Ina! A girkinmu na Jos gyada ba ta cika fitowa fili ba. Yajin tsire da ƙuli ake haɗa shi. Labun kilishi tunkuza ce. Kwaɗon zogale, miyar taushe, har gwaten acca, duk akan sa musu ita. Man gyadar da ake matsa a gida ma yana ɗauke da abin da ke tayar da alajin, kuma da shi ake soya masa da ƙosai a wurare da dama. Dafuwa ko suya ba sa kashe abin da ke tayar da alajin. Wuƙar da mai tsire ya yanka nama mai yaji da ita, in ya yanka maka marar yaji, ta riga ta shafa.

Abin da ya fi ba mu wahala a asibiti shi ne kunya. A gidan biki mutum ya ƙi tambayar me aka sa a miya, ko goggo ta ce wa yaro, "Ɗan kaɗan ne, ci ka saba." Don Allah a bari. Ɗan kaɗan ɗin ya isa ya kumbura maƙogwaro.

Amma kada tsoro ya sa a hana yaro komai da komai. Abin da likita ya ambata kaɗai za a cire, a cike gurbinsa da wake, kifi, ƙwai ko nama, a yi girki da manja. Ga dankalin turawa da acca da ganye a kasuwar Faringada. Yara kan rabu da alajin madara da ƙwai in sun girma. Na gyada yawanci ba ya barin mutum, don haka ban da gwaji a gida. Kayan gwangwani da biskit kuwa, a karanta abin da aka rubuta a jiki.

Idan bayan cin abinci leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, ko numfashi ya fara sarƙewa, maganin ƙaiƙayi irin su Piriton ba zai tsayar da shi ba. Allurar adiranalin ake yi a cinya. A garzaya asibiti mafi kusa nan take, ko da a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) aka saba ganin likita.