Mene ne tokrod a ƙarƙashin motar soja?

Idan ka leƙa ƙarƙashin irin manyan motocin sojan nan na gwanjo, masu aksil biyu a baya, za ka ga wasu sandunan ƙarfe masu kauri, kowanne da zagayayyen kai a gefe biyu. Su ne makanikai ke kira tokrod.

Ba su ne ke ɗaukar kaya ba, wannan aikin sifirin ne. A mota irin M35 ta sojan Amurka, wadda aka fara ƙerawa wajen 1950, bakin sifirin zaune kawai yake a kan aksil, ba a ɗaure shi da noti ba. Tokrod ne ke riƙe aksil ɗin kada ya zame gaba ko baya, kada kuma ya wuntsila lokacin da direba ya ba ta wuta ko ya taka birki. Guda shida ne: huɗu a ƙasa, biyu a sama.

Ƙarfen kansa da wuya ya lalace. Abin da ke mutuwa robar da ke cikin kan ce, wadda ta rungume wani dunƙulen ƙarfe mai wutsiya. Motar da ta shekara talatin a ajiye, ko ba ta yi tafiya ba robarta ta bushe ta tsattsage. A ɗora mata yashi a bi da ita hanyoyin ramukan kuza na Bukuru, sai ka fara jin ƙwas-ƙwas a baya. Ranar da sandar ta fita gaba ɗaya aksil ya juya, farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksil, na iya tsinkewa, tiyon birki ma haka. M35A2 kuwa, wani samfurin M35 ɗin, galibi layin birkinta ɗaya ne tal. Ya fashe, ba birki ko a taya ɗaya.

Gwajin ba wuya. Ka zura liba tsakanin sandar da mazauninta ka banƙara. In ta matsa ba ta komo ba, kan ya gama aiki.

A cirewa ake shan gumi. A tare tayoyi da katako, a zare fin, a sassauta noti amma a bar shi a jiki, sannan a daki gefen mazaunin da babbar guduma har wutsiyar ta saki. Na sama sun fi ba da wahala, don hannu ma da ƙyar yake shiga. Sabon kai da injin matsi ake dasa shi.

Wasu kan yi wa kan walda da faranti don kada sandar ta fice. Ya isa ya kai mota gareji, amma ni ba zan hau ta da lodi a gangaren Hawan Kibo ba. Mai zuwa Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos, neman sabo ya tafi da tsohon a hannu, domin na mota mai tan biyar ya fi na mai tan biyu da rabi irin M35 girma.