Wai mene ne "sikirafbuk" ɗin nan da kowa ya kama sayarwa a Jos?

Tunda aka shiga lokacin bukukuwa kalmar sikirafbuk ta cika ko'ina. Ki buɗe sitatus na WhatsApp ki ga sikirafbuk na amarya, ki leƙa Instagram ki ga na suna, na saukar Alƙur'ani, na yaye ɗalibai, har a wata tashar rediyo a nan garin mai talla yana ta nanatawa wai a turo hotuna ta waya su kuma za su buga sikirafbuk su kawo har gida kafin gobe da yamma. To wannan "bugawa" ɗin ce take ci min rai. Abin da inji ya buga daga bango zuwa bango sunansa fotobuk, abu ne mai kyau a muhallinsa kuma babu mai raina shi, amma ba shi ba ne sikirafbuk, kuma kuɗinsu ma bai kamata ya zama ɗaya ba.

Ba zan tsaya ina cewa sikirafbuk littafi ne da ake liƙa hotuna ba, wannan kam kowa ya sani. Inda ake samun ruɗanin shi ne me ake liƙawa. Mai fotobuk yana zaune gaban kwamfuta, ya jera hotuna a manhaja, ya ɗauko furannin da suka zo tare da manhajar ya zuba a gefe, ya tura wa inji. In kika shafa shafin sumul za ki ji shi, kuma in ana so a buga guda 50 iri ɗaya sak za a buga. Sikirafbuk ba ya yiwuwa a yi biyu iri ɗaya, saboda kayan da ke ciki su kaɗai ne a duniya. Ainihin katin gayyatar ɗaurin auren ne da layin ninkin da ya yi a aljihun babbar rigar baban amarya, da ƙyallen ankon kamu, da takardar da yayar ango ta rubuta lissafin lefe da jan biro ta soke adadin atamfa ta gyara a sama, da tikitin motar dangin da suka sauka a tashar Bauchi Road, da ɗan abin hannun nan na roba da ake ɗaura wa jariri a asibiti. Sannan a gefen kowanne akwai rubutun hannu da ke faɗin wane ne, ina ne, yaushe ne. Ki karɓi kuɗin wannan ki miƙa wa mutum fotobuk daidai yake da ki dafa taliyar leda ki ce 'yar murji ce.

Akwai kuma kashi na biyu, su da hannun suke yi tabbas, amma sun ɗauka kalmar tana nufin ado. Za ki ga shafi ya cika da sitika da ƙyalƙyali da zaren kwalliya da fulawar roba, hoto ɗaya ƙarami a tsakiya kamar ya ɓata, sai wasu kalaman soyayya na Turanci da aka kwaso daga intanet waɗanda ko amaryar ba ta taɓa faɗa ba. Ba suna, ba kwanan wata. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ni abin da nake auna shafi da shi guda ɗaya ne, nan da shekara 30 in jika ya buɗe zai san wace ce wannan mai shuɗin mayafin da ke riƙe da hannun amarya, ko kuwa sai ya je yana tambaya alhali waɗanda suka sani ba sa nan.

Kalmar kanta daga Turanci take, kuma rabinta na farko na nufin guntu, ragowar takarda, abin da da an bari shara za a share. A Ingila a ƙarni na 19 har ƙananan hotuna masu launi ake bugawa a yanke ana sayarwa don a liƙa a irin waɗannan littattafai, wasu kuma su yanko labarai daga jarida su tara. Marubucin nan na Amurka Mark Twain a 1873 ya yi rajistar wani samfuri da ya ƙirƙiro mai layukan gam a jikin shafi, ka ɗan jiƙa ka manna. Amma irin wanda muke gani yanzu, mai shafi a cikin rigar leda, daga jihar Utah ta Amurka ya bazu. Wata mata mai suna Marielen Christensen ce ta kai littattafan tarihin iyalinta guda 50 wani taron adana bayanai da aka yi a Salt Lake City a 1980, a 1981 kuma ita da mijinta suka buɗe shagon kayan wannan aiki a garin Spanish Fork. Mutanen yankin yawancinsu 'yan cocin Mormon ne, masu matuƙar ba da muhimmanci ga sanin nasaba da salsalar iyali. Kun ga kenan tun tushe maganar adana tarihin gida ce, kwalliyar daga baya ta biyo.

Kuma ni a ganina mu ba baƙin abin ba ne ko kaɗan, ko da yake ba da hotuna muka fara ba. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san kundi. Ba kundin digiri ba, kundin malam, tarin warƙoƙin nan da ba a ɗinke ba, wata addu'a ce da ya karɓo wurin wani malami a tafiya, wata laƙanin maganin ciwon ciki, wata wasiƙa ce, wata kuma ya rubuta ranar da aka haifi ɗansa da watan da shekarar Hijira, duk a haɗe cikin tadarishi na fata a saka a gafaka a rataye. Takardun ma ba girmansu ɗaya ba, tawadar ma ba iri ɗaya ba, hannun ma wani lokaci na mutum uku ne, kaka da uba da ɗa. Sikirafbuk na gaskiya ya fi kusa da wannan nesa ba kusa ba a kan albam ɗin situdiyo. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai tarin irin waɗannan rubuce-rubucen hannu na Larabci da aka tattaro daga garuruwan Arewa, kuma da yawa daga takardun da malaman wancan zamani suka yi amfani da su daga Italiya suka taso, suka ratso Sahara a bayan raƙuma, in ka ɗaga warƙar a haske za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Da tsumman auduga da na lilin aka yi ta, shi ya sa ta kai yanzu ana karantawa, ga jaridar bara kuwa har ta yi ja tana karyewa.

Wannan ne ya kawo ni kalma ta biyu da ake ta jefawa a talla, wai "mara asid". Kowace mai sayarwa yanzu takardarta mara asid ce, gam ɗinta mara asid ne, na ma ga wadda ta rubuta almakashi mara asid, haba jama'a. Ga abin da ake nufi. Tun tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da itace, kuma a cikin itace akwai wani sinadari da ake kira liginin, shi ne idan ya haɗu da haske da iska yake mayar da takarda rawaya ya kuma fitar da asid, asid ɗin ya cinye zaren takardar har ta riƙa ɓarewa. Ku duba jaridar da direba ya bari a gaban gilashin mota kwana biyu a rana, wannan launin shi ne. Ma'aunin da ake kira pH lamba 7 ce tsakiyarsa, ƙasa da 7 asid ne, takarda mai kyau tana 7 ko sama kaɗan, wasu har ana zuba musu sinadarin alli su kai wajen 8.5 don su jure asid ɗin da zai zo daga baya. Abin da ba a gaya wa kwastoma shi ne takarda tana iya fitowa kamfani ba asid amma da liginin a ciki, ta zo ta yi tsami bayan shekaru, don haka dole a nemi biyun. Kuma asid yana tafiya, in kika manna yankin jarida a jikin hoto tabon zai bi ya kama hoton. Kwalin kala-kala da muke saya a shagunan kayan rubutu na Terminus don aikin makarantar yara aka yi shi, ba don ya shekara 40 ba. Akwai alƙalamin gwaji da masu adana takardu ke amfani da shi, a ɗiga a gefen takarda, in ya yi shuni-shuni tana da kyau, in ya yi rawaya akwai asid. Wadda ke karɓar kuɗin mutane da sunan mara asid ya kamata a ce tana da shi.

Amma wallahi takarda ma da sauƙi, gam ne babbar musiba. Kowane gida a Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos akwai tsohon albam ɗin nan na shekarun 1970 da 1980, mai shafin kwali mai layi-layin danƙo da leda a sama da ake ɗagawa a mayar. Ku ɗauko ku duba. Layukan sun koma ruwan ƙasa, wasu hotunan sun faɗo, wasu kuma sun manne har abada, in ka ja sai bayan hoton ya tsaya a kwali, tare da rubutun da marigayi ya yi a bayan. Salatif kuma mannensa yana narkewa ya shige cikin takarda ya bar tabon mai wanda ba ya fita, ledar ta bushe ta faɗi ta bar aika-aikar. Ga bindigar gam ta kyandir da 'yan kwalliya ke so, zafi ne kai tsaye a bayan hoto.

Sai uwa uba laminatin. Mun ɗauka duk abin da muke ƙauna gata ne mu kai shi a ƙona masa leda. Laminatin ba ya warwaruwa, an narka gam ne a fuskar takardar gaba da baya, shi kenan. Kuma akwai takardun da a take yake kashewa. Rasidin POS, tikitin jirgi, hoton sikanin ciki da ake ba mai juna biyu a asibiti, duk takarda ce mai aiki da zafi, babu tawada a cikinta, zafi ne ke fito da rubutun. Na tsaya a wani shagon kwafi wata baiwar Allah ta miƙa hoton sikanin ɗanta na fari a yi mata laminatin don ta saka a littafin suna, ya shiga inji da kan jariri a jiki ana gani, ya fito baƙi ƙirin kamar allo, tana jujjuya shi tana duba baya ko hoton ya koma can. Mai shagon bai san haka zai faru ba, ita ma ba ta sani ba. Irin wannan takarda ko ba a ƙona ta ba tana dusashewa da kanta, maganinta a yi mata kwafi tun tana sabuwa, a ajiye ainihin a ɗan ambulan, a liƙa kwafin a shafi.

To yaya ake yi in ana son na gaskiya? Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi ita ce kada ka yi wa abu abin da ba za ka iya warwarewa ba. Hoto ba a shafa masa gam, ana yi masa 'yan kusurwoyi huɗu na takarda ne, su ake mannawa a shafi sai a zura hoton, duk ranar da ake so a zare. Ko a tsaga shafin da reza a karkace a wuri huɗu a cusa gefunan, wannan ko sisi ba ya ci. Ƙyallen anko ɗinka shi ake yi da allura da zare, ɗinki biyu uku a sama ya isa. Wasiƙa mai rubutu gaba da baya aljihu ake yi mata. Bayan hoto da fensir mai laushi ake rubutu, a hankali, domin biro yana huda ya fito ta fuska. Rigar leda in za a saka a guji mai warin sabon labulen banɗaki ɗin nan, robar da ake kira PVC ce, tana manne wa hoto ta kwashe launi.

Wani abu da ke tona asirin wadda ba ta iya ba shi ne ƙashin bayan littafin. Tunda kowane shafi zai yi kauri da kaya, dole a saka siririn kwali tsakanin shafi da shafi ta wurin ɗinki, in ba haka ba littafin zai wangale baki ya ƙi rufuwa, wata biyu ɗinkin ya ɓalle. Takarda kuma tana da jijiya, ta wani ɓangaren tana lanƙwasuwa cikin sauƙi ta ɗayan tana turjewa, to jijiyar ta bi tsawon ƙashin baya, in aka gicciya ta shafukan sai su kumbura da zarar damina ta sauka.

Damina kuwa a Jos ba wasa ba ce, a Yuli da Agusta ko kayan cikin wadirof sai sun yi sanyi. Kada a ƙulle littafin a leda a tura ƙarƙashin gado ko a jingina shi da bangon da ruwa ke duka, laima za ta taru a ciki, hotuna su manne da juna, fumfuna ta kama. A tsayar da shi a kan kanta a tsakiyar ɗaki nesa da taga, in ya yi nauyi sosai a kwantar da shi shi kaɗai ba a ɗora masa komai, lokaci-lokaci a buɗe shi ya sha iska a inuwa, ba a rana ba.