Wai me ake nufi da "difolta" a asibiti?

In kana yawan shiga asibiti, musamman ɓangaren masu tarin fuka ko masu karɓar maganin HIV, da wuya baka taɓa jin ma'aikata suna cewa "ai wane difolta ne" ba, kuma yawanci da ɓacin rai ake faɗa. Daga turanci aka aro kalmar, ana nufin mara lafiyan da aka ɗora kan magani, ya fara sha, sannan ya ɓace ɓat ba a sake ganinsa ba. A harkar tarin fuka ma abin yana da ƙa'ida, ba wanda ya manta ƙwaya kwana ɗaya ko biyu ake nufi ba, sai mutum ya yi wata 2 a jere ko fiye baya shan magani kafin a rubuta shi haka a rajista.

To me yasa abin yake ƙona wa likitoci rai haka? Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, wata 2 na farko magani kala 4 ne a haɗe, sauran wata 4 kuma kala 2, kuma a Najeriya kyauta ake bayarwa a cibiyoyin DOTS, wato wuraren da ake ba masu tarin fuka magani ƙarƙashin kulawar ma'aikata. Inda gizo ke saƙar shine bayan 'yan makonni tari ya lafa, zazzaɓi da gumin dare sun tafi, mutum ya fara cin tuwo har ya yi kumatu, sai yace ai alhamdulillahi na warke, me zan yi da wannan tulin ƙwayoyin kuma. Alhali ƙwayoyin cutar basu mutu duka ba, akwai masu taurin kai kwance a huhu, in ana sha ana tsallakewa su ne zasu hayayyafa, ciwon ya dawo, wani lokacin ma ya dawo da nau'in da baya jin rifampicin da isoniazid, wato manyan magungunan biyu, shi ake kira MDR-TB. A da mai irin wannan sai ya kusa shekara 2 yana magani harda allurai na watanni masu iya kurumtar da mutum, sai a 2022 hukumar lafiya ta duniya WHO ta amince da sabon haɗi na wata 6 wanda sha kawai ake yi. Kuma ba mara lafiyan kaɗai abin zai shafa ba, ta iska ake ɗauka, matarsa da yaran da suke kwana ɗaki ɗaya wannan ƙwayar cutar mai taurin kan zasu shaƙa. Kaga dole likita ya ji haushi.

Amma fa gaskiya ba kowane difolta bane ɗan taurin kai. Magani kyauta ne, kuɗin mota daga ƙauye ba kyauta bane. Wani ɗan cirani ne, ya fara magani a Legas damina ta faɗi ya tattara ya koma gida noma. Wani fitsarinsa ne ya koma ja ya tsorata, ba wanda ya gaya masa aikin rifampicin ne kuma ba komai bane. Wata kuma tsoron kada dangin miji su ganta tana zarya asibitin masu tari ne ya zaunar da ita a gida. Irin haka ne yasa a 2013 WHO ta daina amfani da kalmar a takardunta, ta koma cewa wanda aka rasa bibiyarsa, don kada laifin ya tsaya a kan mara lafiya shi kaɗai, asibitin da bai yi bayani ba kuma bai kira waya ba shima yana da nasa kason. Ni dai ina ganin sun yi daidai, duk da a bakin ma'aikata difolta ɗin ce dai har yanzu.

Wanda ya tsaya da magani kuma yana iya komawa, ba korarsa za'a yi ba ko da ya sha ɗan faɗa. Za'a sake ɗaukar majinarsa a saka a na'urar GeneXpert a ga ko cutar tana jin rifampicin, sakamakon ne zai nuna wane haɗin za'a ɗora shi akai.