Karatun shari'a a jami'o'in Nijar

Karatun shari'a fanni ne na jami'a da ke shirya ɗalibi ga aikin alƙalanci, lauyanci, magatakardar kotu ko ba da shawara kan doka a ma'aikatu da bankuna. A Nijar ana koyar da shi galibi da Faransanci, bayan jarrabawar bakaloriya ta kammala sakandare, bisa tsarin shekara 3 na lisans, 2 na masta, sannan digirin dakta.

Sanin shari'a a ƙasar Hausa ya girmi jami'a nesa ba kusa ba. Tun kafin Katsinawan da jihadi ya kora su kafa Maradi a farkon ƙarni na 19, malaman zaure na karantar da fiƙihun Malikiyya, musamman Risala da Muhtasar, kuma daga cikin almajiransu ake samun alƙalai. Mulkin Faransa ya zo da rubutacciyar doka wadda tushenta kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804 ne, amma bai kawar da hukuncin gargajiya ba, kuma dokar tsarin kotunan Nijar ta 1962 ta bar wa al'ada batun aure, saki, gado da gonakin da ba su da takarda. Shi ya sa har yau alƙali kan zauna da masana al'ada a gefensa idan irin wannan ƙara ta zo, kuma sau da yawa sai sulhun mai gari ko sarki ya gagara kafin a nufi kotu. Ɗalibin da ya ƙoshi da dokar Faransa kaɗai yakan tarar cewa rigimar gona tsakanin magada a karkarar Maradi tana neman wani ilimin da aji bai cika ba shi ba. Yunƙurin kafa dokar iyali guda ya sha cin karo da adawa, ba a kuma zartar da ita ba.

Jami'ar Yamai, wadda ta samo asali a 1971 kuma aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, ita ce ta daɗe tana yaye masana doka. Jami'ar Tawa na da tsangayar doka, ta Musulunci da ke Say kuma, wadda aka buɗe wajajen 1986, tana koyar da shari'a da Larabci. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi ta fi karkata ga kimiyya, noma da lafiya, don haka ɗaliban jihar masu son doka kan tafi Yamai ko Tawa.

Ga gari mai kasuwanci kamar Maradi, dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, na da muhimmanci: yarjejeniyar 1993 ce ta kafa ta, ƙasashe 17 ke aiki da ita, babbar kotunta kuma tana Abijan. Najeriya ba ta ciki, tana bin tsarin Ingila, abin da ke wahalar da shari'ar fatauci tsakanin Maradi, Katsina da Kano.

Digiri kaɗai ba ya mayar da mutum alƙali ko lauya. Sai ya ci gasar shiga makarantar horas da alƙalai, ko jarrabawar lauyoyi da shekarun koyon aiki a ofishin wani lauya.